Kalmomin da Baffa Ya Ƙi Kaiwa Rasha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, ga shi kuwa Baffa, wan mahaifina, ya riga mu isa. Mun kai shi makwancinsa a Haɗeja da hantsi, ƙasa da laima, don daminar bana ba ta yi mana rowa ba. Allah Ya jiƙansa. Iyakar abin da zan iya faɗa cikin ladabi ke nan. Abin da ya biyo baya mai karatu ya yi mini uzuri, raina a ɓace na rubuta shi.

Na zauna a tabarmar makoki ina sauraron garinmu yana yi wa tarihinsa kwaskwarima. Wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana hana 'ya'yansa cin tuwon gidan “ɗan kwaminisanci” shi ne ya fi kowa girgiza kai, wai an yi rashin masani. Wani tsohon abokin aikinsa ya rantse Baffa yana jin harsuna bakwai. Huɗu yake ji: Hausa, da Barbarcin da ya sha a nono, da Turanci, da Rashanci. Amma mutuwa takan ƙara wa mutum harsuna, kamar yadda takan ƙara masa masoya. Duk wannan na haɗiye, don ƙaryar makoki ba ta cika cutar kowa ba.

Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce ta bayan fatiha, wadda ake sassauta murya kafin a faɗa: “Sai dai abin nan da ya yi wa jikansa.” Wani ya ce tsufa ne. Wani ya ce a'a, shi ya haye kogi ya ci rabonsa, da aka zo kan jika sai ya fasa kwale-kwalen. Daga cikin gida kuma aka kawo mini ta wata gwaggonmu ta Jahun, wai ita ba ta taɓa ganin kakan da ya toshe wa jikansa ƙofar arziki ba, amma Allah Mai gafara ne. Wato har sun yi masa shari'a, sun same shi da laifi, sun kuma yi masa alfarmar roƙa masa sassauci.

To, ina wurin aka yi abin, ni na karanta takardar da bakina. Abin da ake kira toshe arziki shi ne wannan: an kawo wa Baffa takardar Turanci mai yabon jikansa, aka ce ya mayar da ita Rashanci don jikan ya tafi Rasha, ya ƙi. Zan faɗi yadda aka yi, amma sai na fara faɗin wane ne ya ƙi ɗin.

Yana saurayi aka tura shi Tarayyar Sobiyet karatun injiniyan ban ruwa. Ya dawo da digiri, da kofin gilashi mai mariƙin ƙarfe, da wasu ɗabi'u da garin bai taɓa yafe masa ba. Shayinsa baƙi ne, ba madara, ya danne sukari da haƙori ya kurɓa ta kansa. In za ka yi tafiya ka je yi masa sallama, sai ya sa kowa ya zauna a yi shiru na ɗan lokaci, ko da direba yana waje yana ta danna hon. Wai haka ake yi a can kafin a kama hanya. Ya ce ya bincika, abin bai saɓa wa addini ba, kuma a cikin shirun nan ne matafiyi kan tuna ya manta carbinsa, ko hankalinsa.

Aikinsa ruwa ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin magudanai tsakanin Auyo da Haɗeja, yana faɗa da kacala, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa ta tura shi gonakin mutane, yana kuma faɗa da manyan ofis, waɗanda ya ce sun fi kacala zurfin saiwa. Tafinta ba sana'arsa ba ce, tsautsayi ne. In an kawo inji da takardunsa na Rashanci, ko baƙi sun sauka, sai a ce a nemo shi.

Yana da ƙa'ida ɗaya a fassara, wadda ta sa masu gaggawa ba sa son kawo masa aiki. Ba ya ɗaukar kalma daga Turanci ya wuce da ita Rashanci kai tsaye. Sai ya sauke ta a Hausa tukuna, da ƙarfi, a gaban wanda ya kawo aikin, ya tambaye shi ko abin da yake nufi ke nan. Yakan ce kalma fasinja ce, kuma duk fasinjan da zai shiga motarsa sai ya sauka a tashar Haɗeja an ga fuskarsa. Ni malamin Turanci ne a sakandare, na san dalilinsa. Turanci babbar riga ce mai aljihu da yawa. A cikinta mutum kan faɗi abin da ba zai iya faɗa a gaban uwarsa ba, ya kuma sa hannu a ƙasa.

A zamanin soja aka taɓa ɗauko shi daga bakin ruwa, da laka a wandonsa, aka kai shi gaban wani kanar da zai karɓi baƙi daga Rasha. An rubuta wa kanar jawabin yabo da Turanci, irin wanda ake jera jagoranci nagari da jarumta da ƙwarewa da fice kamar ana jera kwalla a ɗakin amarya. Baffa ya bi ƙa'idarsa. Ya sauke jawabin a Hausa, ya ce, “Ranka ya daɗe, an ce kai ne gwarzon da ba ya ja da baya, wanda babu na biyunsa. Haka zan faɗa musu?” Kanar ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce haka zai faɗa. Baffa kuwa ya faɗa, ko wasali bai rage ba. Baƙi suka tafa, aka ci kaji. Bayan nan aka mayar da shi wani ofishin auna ruwa can wajen Birniwa, inda ba ruwan aunawa sai damina ta ga dama. Yakan ba da labarin yana dariya, ya ce ya zama maroƙin mai bindiga da harshe biyu, ko ɓarin goro bai samu ba. Na taɓa tambayarsa ko bai ji nauyin faɗin abin da ya san ƙarya ne ba. Ya ce ƙaryar ta mai ita ce, shi ɗan dako ne, kuma kanar ɗin a inuwa yake zaune, babu kalmar da za ta kai shi inda ake harbi.

Ya ce Rashawa sun fi mu kirarin yaƙi, rumbu guda gare su, kowace irin jarumta da sunanta. Amma ba a aji ya koyi yawancinsu ba. A jikin duwatsun tunawa da mazan jiya ya koye su, waɗanda ya tarar a duk garin da ya shiga, kalmar a sama, sunayen matattu a ƙasa, layi bayan layi. Akwai wata tsohuwa mai tsaron ƙofar ɗakunan ɗalibai, wadda ta lura ba ya taɓa naman alade, sai ta riƙa ajiye masa miyar kabeji. Mijinta da ƙannenta duk suna ƙarƙashin irin kalmomin nan. Ita ta koya masa kalmar da suke kira podvig, wato bajintar da ake sayar da rai kafin a yi ta. Ya ce ta faɗa masa ita kamar mai tofar da ƙayar kifi.

Wannan mutumin ne aka ce mai hassada. A shekarar da ruwa ya ci unguwar bayanmu, shi ya buɗe ɗakunansa ga iyalan da suka fito da tabarmi a ka, ya koma zaure da littattafansa, ya ɗora babban ƙamus ɗinsa a kan buhun shinkafa. 'Ya'yan baƙi suka yage masa shafuka suka yi jiragen ruwa. Ya duba, ya ce ba komai, daga harafin da ba ya yawan buƙata suka fara. Cikin masu sassauta muryar nan a makoki akwai waɗanda a ɗakinsa suka kwana har ruwa ya janye. Na san su, sun kuma san na san su.

Yanzu jikan. Ɗan farin Yaya ne, wato babban ɗan Baffa, kuma sunan Baffa aka sa masa. Saboda haka kunyar uwarsa biyu ce, ta ɗan fari da ta sunan suruki. Tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. “Wannan” take cewa, ko ta aiki ƙanwarsa da saƙo yana tsaye a gabanta. Ya kusa talatin, yana da difloma, ya nemi shiga soja har ya gaji da tuɓe riga a layi. Shinkafarsa ta Auyo, bara waccan tsuntsayen jan baki suka cinye, bara ruwa ya gama da ita. Shi ne shugaban 'yan sintirin unguwa, makamansu gora da tocila da usur. Ba rago ba ne, ba kuma wawa ba. Tsakaninsa da Baffa kuwa wasan kaka da jika ne mai zafi. Baffa yana ce masa Janar, shi yana ce masa tsohon kwamared. In ya ce shi zai gaji kofin gilashin, Baffa ya ce sai ya fara cin sauron unguwa da yaƙi.

Sai ga wani ejan ya shigo gari, mai turare da waya biyu, yana ɗibar samari aikin gadi a Rasha. Gadin masana'anta, in ji shi, da ɗaki da abinci. Shi ya rubuto takardar shaida da Turanci. Ya ce in ta isa can da Rashanci mai kyau, da sa hannun dattijon da ya yi karatu a ƙasar, sunan mai ita zai hau sama da na kowa. Yaya ya ga abin kamar don wannan ranar Allah Ya bar masa uba da rai.

Aka zauna bayan la'asar a tsakar gida. Idon Baffa ya yi yana, shi ya sa aka kira ni in karanta. Kafin in fara ya ce a kira matar Yaya. Yaya ya ce ai maganar maza ce. Baffa ya ce shi bai san namijin da ya yi naƙudar yaron ba. Ta zo ta raɓe a bakin ƙofar kicin, ta ja mayafi.

Na karanta layin farko, Baffa ya sauke shi. “Wai ka saba jagorantar mutane a inda ake ɓarin wuta. Janar, a ina ka saba? Bayan masallaci?” Jikan ya yi dariya, ya ce salon rubutu ne kawai, tsoho ba zai gane ba. Layi na biyu ya ce yana da ƙwarewa ta fice a sarrafa makamai. Baffa ya tambaya ko gorar ake nufi ko usur ɗin, don kowanne da sunansa a Rashanci, ba ya son ya yi kuskure. Har Yaya sai da ya murmusa. Layi na uku ya ce mai takardar yana bin umarnin kwamanda ba tare da tambaya ba, kuma a shirye yake ya sadaukar da komai a bakin aiki. Baffa ya sauke wannan ma. Ba wanda ya yi dariya. Ya juya fuskarsa wajen ƙofar kicin, abin da suruki ba ya yi, ya maimaita layin a hankali. Sannan ya tambayi Yaya wace irin masana'anta ce mai gadinta yake buƙatar ya saba da ɓarin wuta.

Yaya ya ce duk takardar neman aiki haka take, kowa kansa yake yabo, ba wanda yake rubuta cewa shi matsoraci ne. Da ya ga wannan ba ta ci ba, sai ya ɗauko babbar: ai Baffa ya fassara wa kanar ƙaryar da ta fi wannan.

“Na fassara,” in ji Baffa. “Kanar ya ci kaza ya tafi gida. Wannan in na mayar da ita Rashanci, akwai wanda zai karanta ya gaskata, ya ba ɗanka wuri a sahun gaba na yaƙin da ƙasar take yi, don ni na rubuta masa cewa can yake so. Na san kalmomin nan duka. Na kuma san inda ake rubuta su. Ba da hannuna ba.”

Jikan ya matso ya durƙusa kusa da ƙafarsa. Ba wasa a muryarsa. Ya ce, “Kaka, a nan ma mutuwa nake yi. Sai dai a hankali, kuma ba mai rubuta mini komai.”

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, Baffa bai musa ba. Ya ce ya sani. Ya ce ba shi da aikin da zai ba shi, ba shi da gonar da ruwa ba ya ci, abin da ya rage yana iko da shi a duniya hannunsa ne, kuma ba zai ɗora shi a takardar ba. Ya ce in miƙa wa Yaya abinsa. Na miƙa.

Daga ranar Yaya ya daina shigowa gaisuwar safe. A majalisar ƙofar gida aka fara jin kalmar hassada, kuma ba daga sama ta faɗo ba. Jikan bai daina gaisuwa ba, amma ya daina wasa. Ina kwana, lafiya lau, ya tashi. Ba tsohon kwamared, ba zancen kofi. Wannan ta fi ci wa Baffa rai a kan duk abin da ake faɗa a majalisa. Na ga yadda yake jan gaisuwar, yana tambayar ruwa, yana tambayar sauro, ko a dace a tanka masa. Ba a tanka ba. Da ciwo ya kwantar da shi, Yaya ya zo neman gafara kamar yadda ake yi, Baffa ya yafe masa. Yaya ya ɗauka yafiya da amincewa abu ɗaya ne, ya fara gyara murya. Baffa ya ce ya yafe masa duniya da lahira, takarda kuwa tana nan inda take.

Ban san gaibu ba, ba zan kuma ce na sani ba. Abokan jikan biyu sun tafi da fassarar da waya ta yi musu, don waya ba ta sauke fasinja a tashar kowa. Ɗaya yana turo hotuna cikin ƙanƙara da rigar sanyi mai kyau, kuma garin nan ya gama yawo da hotunan, hujja ce a kan Baffa. Ɗayan an daina jin muryarsa tun kafin azumi. An ce matsalar sabis ce. Hotonsa ba ya yawo. Mahaifinsa ya zo mana gaisuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma, bai ce tsufa ne ba, bai ce hassada ce ba, ya shafa fatiha ya tafi.

Ranar sadakar uku ejan ya zo. Ya zauna a sahun gaba, aminsa ta fi ta kowa tsawo, ya ce marigayi uba ne ga duk garin. Kafin ya gama sa takalmi ya ja Yaya gefe, ni kuwa kunnena lafiya lau. Wai an sassauta, yanzu sa hannun dattijo ba dole ba ne, fassarar waya ta isa, mota za ta tashi zuwa Kano washegarin sadakar bakwai. Ƙasar kabari ba ta bushe ba, a ƙofar gidan mamacin, a kan tabarmar da aka shimfiɗa dominsa. Yaya ya ce Allah Ya kai mu. Na karanta littattafai da dama a kan rashin kunya, amma ranar na gane marubutan ba su zo Haɗeja ba.

Da safiyar tafiyar jikan ya shiga cikin gida da jakarsa yin sallama, na raka shi. Tsakar gida cike da mata 'yan zaman makoki da ba su watse ba. Ya durƙusa a gaban uwarsa. Abin da kowa ya sani shi ne za ta kau da kai, wata ta amsa a madadinta, a ce Allah Ya tsare hanya. Ba ta kau da kai ba. Ta kira sunansa, cikakke, sunan da ba ta taɓa furtawa ba, sunan surukinta da aka binne. Gwaggon Jahun ta tsaya da ludayi a hannu.

Ta ce, “Na ji abin da takardar nan ta ce da Hausa. In ka taka motar nan, ban yafe ba.”

Ba ta ɗaga murya ba. Yaya ya shigo yana faɗa, ya ce ta kunyata shi a gaban dangi, ya ce shi ne uban yaron, ya ce abubuwan da ba a rubutawa a takardar ta'aziyya. Ta ce ta ji. Jikan ya daɗe a durƙushe, kansa a ƙasa. Sannan ya tashi, ya ɗauki jakar, ya mayar da ita ɗaki. Mota ta tafi da 'ya'yan wasu.

Har yau Yaya ba ya cin abincin matarsa. Majalisa ta samu sabon mai laifi, yanzu cewa ake tsohon ya hure mata kunne kafin ya tafi. Bai hure mata komai ba, jama'a. Abin da aka rubuta da Turanci ya faɗa mata da Hausa. In abin bai yi daɗin ji ba, ku tambayi wanda ya rubuta.

Jikan yana Auyo. Na je na same shi a gona, ruwa iya ƙugu, yana yanko shinkafar da ambaliya ta rage yana zubawa a kwale-kwale. Na ce masa sannu da aiki, ya ce aikin banza. Ya ce kakansa ya kashe masa rayuwa, uwarsa ta rufe ramin. Ban yi masa musu ba. Ni ma ba ni da aikin da zan ba shi, kuma mai ruwa iya ƙugu ba wa'azi yake buƙata ba. Na karɓi lauje ɗaya muka yi ta yanka har rana ta yi zafi.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe masa kurakuransa na gaske, ba waɗanda majalisa ta ƙaga masa ba. Jikan kuwa, Allah Ya ja kwanansa, ya yi furfura, haƙoransa su zube a garin nan, yana jin haushin kakansa.